Ƙafar waya ta ƙaramar Jaguar: a huda ko a saƙa?

Auwalu Fagge:
Assalamu alaikum. Manyanmu na wannan zaure, ina neman shawara. Wata biyu ke nan ina haɗa ƙaramin samfurin motar Jaguar E-Type a sikelin 1:24, wato an rage girmanta sau 24, irin ta farkon nan da aka nuna a Geneva a 1961. Jiki ya kammala, koren fenti ya kwanta luf, har kujeru na rufe su da fatar tsohuwar jaka. Amma da na ɗaura mata ƙafafu sai gabana ya faɗi, gaba ɗaya ta koma motar wasan yara. Wayoyin wilin da suka zo cikin kwalin na roba ne, na auna ɗaya na samu kusan milimita 0.7. In ka ninka sau 24 ka doshi milimita 17, wato kaurin rodin da ake zuba dakin da shi. Motar da aka san ta da ƙafafunta, a ce an sa mata rodi! Ina so in cire su in ɗaura waya ta gaske, amma ban san ta inda zan kama ba. Wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Malam Habu Mai Agogo:
Wa alaikumus salam Auwalu. Ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Fara da lissafi kafin ka taɓa wuƙa. Wilin E-Type inci 15 ne, wato milimita 381, a raba 24 ya ba ka 16 saura kaɗan. Wayar motar gaske kaurinta tsakanin milimita 4 ne da 5, kenan kai 0.2 kake nema. Kowace ƙafa tana da waya 72. Ƙafa huɗu, 288. Kowace waya kuma baki biyu gare ta, ɗaya a cibiya ɗaya a da'ira, huji 576 kenan in za ka yi yadda ake yi.

Ni haka nake yi, kuma haka nake ba kowa shawara. A yanke wayoyin roban da reza, a bi da samfefa mai laushi, a yi alama, a huda da tsinken huji na 0.3, a zura waya ɗaya bayan ɗaya. Tsirkiyar jita siririyar nan, wadda aka rubuta wa .008, ita ce daidai 0.2 ɗin nan, kuma a miƙe take sak kamar kibiya. Masu sayar da kayan kiɗa a Sabon Gari suna da ita. Ba da hannu sake ake hujin ba, da ɗan mariƙin nan da muke juyawa da yatsa biyu. Kada ka kusanci injin huji na lantarki, zafi zai narka robar, tsinken kuma ya karye tun a huji na biyu.

Nura Mai Rediyo:
Malam Habu, Allah ya ƙara lafiya, amma huji 576 a kan abin da bai kai kwabo faɗi ba? Ku idonku ya saba da cikin agogo shekara da shekaru. Auwalu karon farko ne. Ku duba fa, zagayen cikin da'irar nan bai wuce milimita 47 ba. A raba wa huji 72, tsakanin huji da huji bai kai 0.7 ba. Hannu ya ɗan goce, huji biyu sun zama ɗaya, wili ya tafi. Kuma wili huɗu kaɗai gare shi, babu na canji.

Akwai hanyar saƙa. Ka samu guntun filawud, ka zana da'ira mai faɗin kamar santimita 8, ka raba ta gida 24, digiri 15 tsakani, ma'aunin kusurwa na akwatin lissafin 'yan makaranta ya wadatar. Kowane gida ka kafa fil ko ƙaramar ƙusa mara kai. A tsakiya ka kafa ƙusa ɗaya a tsaye cak, ita za ta riƙe cibiya. Da'irar wilin kuma ka yanka ta faifai-faifai kamar albasa, gida uku ko huɗu. Ka kwantar da faifan ƙasa, ka ɗauko waya guda doguwa, ka ɗaura a fil na farko, ka wuce ta gefen cibiya, ka zagayo fil ɗin da ke can ɗaya ɓangaren, ka dawo. Duk wucewa ɗaya waya biyu ta ba ka. Wucewa 12, ka samu 24. Ka sa gam, ka ɗora faifai na gaba ya danne su, ka sake saƙa hawa na biyu. In an gama a datse abin da ya yi waje. Babu huji ko ɗaya.

Malam Habu Mai Agogo:
Na san hanyar, Nura, na kuma gwada. Abin da ya raba ni da ita shi ne wurin haɗin faifan. Komai iya gogarka, sai layi ya nuna a cikin da'irar. Sannan a cibiya wayar ba ta shiga ko'ina, gilmawa kawai take yi. Mai ido zai gani.

Nura Mai Rediyo:
Mai ido da gilashin agogo a fuska zai gani, Malam. Wanda ya tsaya gaban kabad yana kallo daga kamu biyu ba zai gani ba.

Baba Tanko Mai Keke:
Salamu alaikum 'ya'yana. Ni ba na haɗa ƙananan motoci, jikana ne ya sa ni a zauren nan don ina son kallon hotunanku. Amma ɗaurin wili sana'ata ce tun ina saurayi, na keke da na babur. Ku bar ni in sa baki.

Duk kun tsaya kan huji da adadi, babu wanda ya ce komai a kan yadda wayar take zama. Sifok, wato wayar wili, ba ginshiƙi ba ne, ba tokare da'ira yake yi ba. Ja yake yi. Kowanne an ɗaure shi tamau, yana jan da'ira zuwa cibiya, ɗan uwansa na can gefe yana ja shi ma, sai wilin ya tsaya daram a tsakani. Shi ya sa waya siririya take ɗaukar buhu biyu na masara. In na gama ɗauri, ɗan ƙarfe nake sawa in bi su ina bugawa ina saurare. Wanda ya ce tin, ya ɗauru. Wanda ya ce ɗaf, ya saki. Ido ma yana gane wannan ko da mutum bai san dalili ba. Waya ɗaya ta yi ciki a cikin saba'in, duk wilin ya zama na ƙarya.

Na biyu, ba sa tafiya kai tsaye daga tsakiya kamar hasken rana a zanen yara. A karkace suke fita, rabi sun kwanta gaba, rabi sun kwanta baya, suna gicciye juna. Na gaba da na baya su ke riƙe wili lokacin da aka taka da lokacin da aka ja birki. Na uku, kuma shi ne babba, cibiya tana da tsawo. Wasu wayoyi daga bakin waje suke tasowa, wasu daga can ciki. In ka kalli wili ta gefe za ka ga kamar akushi biyu an kifa. In ka jera duk wayoyinka a shimfiɗe ɗaya, ko zinariya ka yi su da ita, faifai ka saƙa ba wili ba.

Auwalu Fagge:
Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara nisan kwana. Wallahi yanzu na koma na duba na roban, kaurin ma ba shi ne babban laifinsu ba. A kwance suke, babu zurfi sam. Abin da idona ya ƙi kenan ban gane ba.

Yakubu Birmingham:
Baba Tanko ya faɗi gaskiya, kuma na gani da idona. Akwai gidan tarihin motoci a Gaydon, ba nisa da mu, a nan ake ajiye tsofaffin motocin Jaguar. Na durƙusa gaban E-Type na ƙirga. A cikin 72 ɗin, 24 dogaye ne, suna tasowa daga siririn hancin cibiya na waje. Sauran 48 gajeru ne, daga faffaɗan gindin cibiya na ciki, sahu biyu masu gicciye juna. Irin wannan rabon ne a sauran ma: mai waya 60 kamar na MGB, 20 da 40, mai 48 kamar na MG TC, 16 da 32. Kenan allon Nura mai fil 24 ya zo daidai, hawa uku, kowane hawa 24.

Amma ni ina da wata magana, kada a ce na kawo raini. Me ya sa za a sha wannan wahala a yau? Akwai wayoyin da ake zanawa a farantin ƙarfe siriri a cinye sauran da sinadari, suna zuwa hawa-hawa, jerawa kawai za ka yi. Akwai kuma wanda ake bugawa da firintar 3D, wili sukutum har da notinsa. Awa ɗaya ka gama ƙafa huɗu, ka koma kan inji da fitilu. Lokacin mutum ma kuɗi ne.

Malam Habu Mai Agogo:
Yakubu, na farantin nan na riƙe shi a hannuna. Wayarsa a baje take kamar taliyar Hausa da aka murza, ba zagayayya ba. Haske in ya faɗa kan zagayayyar waya, layi ɗaya siriri yake yi ya bi tsawonta. In ya faɗa kan bajajjiya, sai ta haske gaba ɗaya ko ta mutu gaba ɗaya. A 1:43 zan yarda da kai, don can 0.1 ake nema, hannu ba ya kaiwa sai ga 'yan ƙalilan. A 1:24 kuwa bambancin a fili yake.

Nura Mai Rediyo:
Ga kuma kuɗin. Yaya Yakubu, kai fam kake kashewa, aike kuma kwana biyu ya iso ƙofarka. Mu sai mun canza naira, mu biya dako, mu zauna jiran wata guda. Sau da yawa ƙafafun sun fi motar tsada. Na roban firinta kuma na taɓa karɓa, wayoyin suna da gautsi kamar busasshiyar taliya, uku sun karye tun a cikin leda.

Yakubu Birmingham:
Na yarda da batun kuɗi. Batun kyau kuwa ban sauka ba tukuna. Na ga wilin hannu da yawa da suka fi na firinta muni, don wayoyin sun yi cirko-cirko, gam ya yi dumu-dumu. Aikin hannu ba shi ke nufin aiki mai kyau ba.

Malam Habu Mai Agogo:
Wannan haka yake, ban musa ba. Amma inda aka kai ƙarshen kyau, da hannu aka kai. Gerald Wingrove na Ingila, wanda duk mai wannan harka ya san sunansa, da hannu ya riƙa ɗaura wayoyin motocinsa na 1:15. Kamfanin Pocher na Turin da ya yi manyan nan na 1:8, Alfa Romeo da Rolls-Royce, wayoyin a warwatse suke zuwa cikin kwali da notinsu, mai saye ne zai ɗaura ɗaya-ɗaya. Su ma sun san abin da suke sayarwa.

Maman Ilham:
Sannunku da ƙoƙari. Ni sana'ata sarƙa da jakar duwatsu, motoci biyu kawai na taɓa haɗawa tare da ɗana. Ina ganin kun manta da wani abu mai sauƙi: zaren roba na kamun kifi, wanda muke zura duwatsu da shi. Ana samun mai 0.18 da mai 0.2, an rubuta a jikin kwarkwaron. Zagayayye ne, ba ya tsatsa, ba ya riƙe lanƙwasa, kuma yana bin cibiya lafiya lau a hanyar da Malam Nura ya kwatanta. Abin da ya fi burge ni da shi, in ka gama ka ga wani ya ɗan saki, sai ka kawo dumi kusa, kamar na'urar busar da gashi daga nesa, sai ka ga ya ja kansa ya miƙe. Abin da Baba ya ce game da ɗauri, zaren nan da kansa yake yi. Sai dai a yi hattara, in dumin ya yi yawa zai tsinke, ko ya janyo da'irar ta karkace.

Nura Mai Rediyo:
Hajiya, kin zo da magana. Ni da silin tagulla nake yi. In ka feɗe wayar lantarki mai laushi, irin ta fanka ko dutsen guga, silin da ke ciki yawanci 0.2 ne cif. Ka kama baki ɗaya a bais, wato mamatsin maƙera, ka ja ɗayan da filaya har ka ji ya ɗan ba da kai, sai ya miƙe ya kuma yi tauri. Wasu wayoyin silinsu fari ne don an shafe shi da kuza, wannan ko fenti ba ya so. A kula da jabu dai, wadda alminiyon ce aka yi wa rigar tagulla, tana ja tana tsinkewa. Amma tagulla in yatsa ya taɓa ta bayan an gama, ta lotsa kenan har abada. Zarenki zai koma inda yake. Matsalarsa ɗaya, launi. Yaya kike yi?

Maman Ilham:
Kafin in saƙa nake jan zaren ta cikin bakin alƙalamin azurfa, irin Molotow ko ma na kanti mai sauƙin kuɗi, in rataye shi ya kwana. Inda ya goge wurin aiki sai in taɓa da ɗan burushi. Fenti ba ya son zaren roba sosai, gaskiya ne, amma abin da ke cikin kabad ba wanda yake murza shi.

Malam Habu Mai Agogo:
Hajiya, da girmamawa, roba roba ce. An cire roba an mayar da roba. Ƙarfe yana da wani sanyin haske da fenti ba ya kawowa.

Yakubu Birmingham:
Malam, a nan kam zan tsaya wa Hajiya. Yawancin motocin Ingila na lokacin da wilin fenti suke fitowa daga masana'anta, ruwan azurfa mai ɗan duhu. Mai walƙiyar kurom ƙari ne da mai saye yake biya. Motocin tsere ma fenti suka fi yi. Ko wilin kamfanin Borrani na Milan, da ke kan Ferrari 250 GTO ta 1962, da'irar alminiyon ce, ba madubi ba. Kenan zare mai fentin azurfa bai saɓa wa tarihi ba ko kaɗan. Sau da yawa walƙiyar nan mai yawa ita ke tona asirin ƙaramar mota.

Ɗan Damagaram:
Ina gaishe ku duka. Ina karantawa ina tuna yarinta. Mu da wayar shinge da gwangwanin madara muka fara, ƙafa kuwa tsohon silifas muke yankawa, ko mu lanƙwasa waya a jikin kwalba ta ba mu da'ira. Kafin nan ma motar kara, da ɓargon kara da siƙarsa. Ko a lokacin, yaron da ƙafar motarsa ke juyawa ba ta rawa shi ne sarki a unguwa. Abin da nake so in ƙara, ku kula da tsakiya. Ƙusar da Nura ya ce a kafa, in ta karkace da ko gashi ɗaya, ƙafa huɗun duka za su fito da cibiya a gefe. Ni faifan kwali nake yankawa daidai cikin da'irar, mai huji a tsakiyarsa, in zura a ƙusar ya riƙe da'irar a wurinta, sannan in kafa fil uku a waje su tare ta. Sai na tabbatar sannan in cire kwalin.

Auwalu Fagge:
Na gode ƙwarai, Yaya. Tambaya biyu. Ɗan notin nan da ke bakin kowace waya a jikin da'ira, ana yin sa ko a bar shi? Sannan kurom ɗin da ke jikin roban, gam zai kama a kansa?

Malam Habu Mai Agogo:
Gam ba ya kama kurom. Jiƙa su a ruwan bilic, Hypo ko Jik, cikin kwalba mai murfi, ka bar taga a buɗe. Wani cikin minti kaɗan zai wanke, wani sai ya ɗan jima. Ka ɗauraye sosai.

Noti kuwa ni ina yi. Allurar asibiti mai lamba 26, sabuwa fil daga kemis, ramin cikinta yana karɓar waya 0.2. Kada wanda ya kuskura ya taɓa wadda aka yi amfani da ita. Ka zura tsirkiya a ciki don kada bakin ya toshe, ka murza ta ƙarƙashin reza a kan gilashi, kana yanka gutsure na milimita ɗaya. Ka yi a cikin leda mai haske, don tsalle suke yi, kuma ka sa tabarau. Tsirkiyar jita ma haka, in ka datse guntun yana harbi, ido kuma babu na saye.

Maman Ilham:
Akwai mai sauƙi. Sandar auduga ta goge kunne, mai roba mai rami a ciki. Ka riƙe ta saman kyandir kana juyawa, in ta yi laushi ka ja a hankali. Za ta sirance amma ramin yana nan. Sai ka yayyanka da reza. In saƙa za ka yi, ka zura duka a zaren tun farko kamar carbi, duk wucewa ka turo biyu, ɗaya nan ɗaya can.

Nura Mai Rediyo:
Ni kam a karon farko ina ganin a bar noti. Ko allura ko sandar auduga, duk sun ɗan fi sikeli kauri, kuma 72 a jere cikin wurin da bai kai 0.7 tsakani ba sai su cushe. Ɗigon fenti mai kauri da bakin tsinken sakace ya isa.

Baba Tanko Mai Keke:
Wili babu noti kamar riga ce babu maɓalli, amma yaron nan Nura yana da hujja. Sa wa dogayen nan 24 na waje, su ido yake fara gani. Na ciki a bar su. Kuma kar ka manta da bakin iska. Ƙafa duk kyanta in babu inda za a sa famfo, ni dai zan gane.

Malam Habu Mai Agogo:
Abu ɗaya game da gam, tunda hunturu ya shigo. Super Glue da danshin iska yake kamawa. A busasshiyar iskar nan sai ka ga ya ƙi bushewa, mutum ya ƙara zubawa, nan ne ɓarna take. Ɗiga shi a murfin kwalba, ka ɗauka da bakin allura, ka taɓa, ka huro masa numfashi kaɗan. In ya yi yawa yana barin farin hazo a kewaye. Wurin danne faifan da'ira kuma Araldite mai jinkiri ya fi, don yana ba ka lokacin gyara zama. Ka rufe aikin da kwano in za ka tashi, ƙura ba ta da tausayi.

Auwalu Fagge:
Salam. Kwana goma sha tara ke nan, ga abin da ya faru. Na bi hanyar saƙa da zaren Hajiya mai 0.18. Malam Habu, a yi mini afuwa, na gwada huji a kan wani tsohon wili, tsinke biyu suka karye kafin huji na tara, sai na san ban kai nan ba tukuna.

Ƙafar farko ta lalace. Cibiyar na yi ta da bututun biro da 'yan wasa biyu na roba, amma tsayinta milimita 3 kawai na ba ta, hawa ukun suka matse wuri ɗaya. Da na cire daga allo sai ga faifan da Baba ya faɗa. Haka na jiƙa ta na ɓamɓare, Allah ya taimake ni da'irar ba ta fashe ba. A karo na biyu na ƙara tsayin cibiya zuwa 6, na yi mata tsagi uku da magagari: biyu kusa da juna a gindi mai faɗi, ɗaya can sama a siririn hanci. Hawa na biyu na gusa shi rabin gida daga na farko don kada su hau kan juna. Da na saƙa hawa na uku, wayoyin suka gangaro daga hanci zuwa da'ira, wallahi sai da na tashi na kira matata ta zo ta gani. Kana leƙawa kana hango wayoyi a bayan wayoyi, har da inuwarsu a kan faifan birki. Biyu sun ɗan saki, na nuna musu dumi suka miƙe. Na sa noti a 24 na waje, na sa bakin iska da guntun silin tagulla. Ga hotuna uku, ɗaya kusa da ta roban.

Baba Tanko Mai Keke:
Masha Allah. Wannan wili ne. Da zan iya sa ɗan ƙarfena da na buga na ji.

Yakubu Birmingham:
Na sauka, Auwalu, wannan ya fi na firinta da na gani. Abu ɗaya: murfin tsakiya. Tunda ta 1961 kake yi, mai kunne biyu za ka sa, wanda ake bugawa da gudumar tagulla. Mara kunnen nan na baya ne, bayan Amurka ta hana masu kunne a 1968. A motar gaske ma murɗin murfin nan na dama da na hagu ba ɗaya ba ne, an yi su a saɓe don tafiya ta riƙa ƙara ɗaure su. Tsarin kamfanin Rudge-Whitworth ne na Coventry, garin da aka ƙera ita E-Type ɗin. Kuma ka huta da ta biyar, safayarta a ƙarƙashin daɓen but take, ba a ganinta.

Malam Habu Mai Agogo:
Na buɗe hoton na ƙara girmansa har ƙarshe. Layin haɗin yana nan a hoto na biyu, wajen ƙarfe huɗu in an ɗauki wilin a matsayin agogo. Cike shi da ɗan Araldite, goge da samfefa mai lamba 1000 da ruwa kafin fenti. Ban da wannan ba ni da abin cewa, zurfin ya fito, kuma shi ne ba na samu a nawa na farko ba duk da hujin da na sha. Har yanzu ina kan bakana cewa ƙarfe ya fi, kuma mota ta gaba da ƙarfe za ka yi ta. In ka gama ukun da suka rage, kawo allon shago ranar Asabar bayan la'asar. Ina da MG TC mai waya 48 da ta shekara a kwali, fil 16 za mu kafa, in gwada saƙar da silin Nura, kai kuma in nuna maka yadda ake riƙe tsinken huji ba ya karyewa.

Auwalu Fagge:
In sha Allah, Malam. Ta uku tana kan allo yanzu, hawa na biyu yana bushewa a ƙarƙashin kwano. Hajiya, zaren 0.18 ɗin ya kusa ƙarewa, mai 0.2 kawai na samu a kasuwa. In na haɗa su a mota ɗaya za a gane?

Maman Ilham:
Za a gane in suna gefe ɗaya. Gama ta uku da ragowar, ka sa biyun farko a dama. In bai kai ta huɗu ba, yi hawan ciki da 0.2, ka ajiye siririn don dogayen waje.